Ƙwayar cuta mai motsi: iyo take yi daga tanki zuwa tanki?

Mai Tarwaɗa, Kumbotso

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka karanci ƙwayoyin cuta.

Ina kiwon tarwaɗa a bayan gida, tankunan siminti uku a jere, bango ne kawai ya raba kowanne da ɗan uwansa, ruwan kuma na bohol ne. Farkon bazarar nan muka tantance kifin tankin farko, manya gefe ƙanana gefe, don manyan sun fara haɗiye ƙananan. Ba a jima ba na fara ganin ja-ja a gindin fukafukansu da ƙarƙashin ciki. Wasu gashin bakinsu ya guntule, wasu ciki ya kumbura, in ka farka sai ka tarar da ruwa mai jini-jini. Sukan tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama, ko kallon abinci ba sa yi. Kullum da asuba sai na kwashe matattu. Daga baya abin ya ɓulla a tanki na biyu. Na uku, wanda ke can ƙarshe, har yau lafiya lau.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya kai biyu masu rai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, an rubuta Aeromonas hydrophila, a ƙasa kuma aka ƙara cewa ƙwayar mai motsi ce. Yaron ya ce min wai wutsiya gare ta, iyo take yi.

Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. In iyo take yi, ke nan da kanta ta je tanki na biyu? Ta ina, ta bututun zubar da ruwa? Don duka ukun magudana ɗaya suke zubawa. In haka ne to na ukun ma lokaci yake jira. Sannan me ya sa masu gwajin suka ga ya dace su rubuta zancen motsi, mai motsin ta fi mara motsi kisa ne? Abin da ya fi ɗaure min kai kuma: ruwan nan shi ne, abincin nan shi ne, wata da watanni ba abin da ya same su. Me ya sa sai bayan tantancewa?

Baban Ummi, Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya tsayar nan.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na daɗe a harkar nan. Tambaya ɗaya zan yi maka: komar da kake kwashe matattu da ita a tankin farko, ita kake sakawa a na biyu? Da bokitin? Da tsintsiyar wanke bango? In amsar eh ce, to ka bar neman laifin bututu.

Ka rage abinci sosai ko ka tsayar na ɗan lokaci, ka riƙa sauya ruwa a hankali, ka sa gishiri. Kuma don Allah kada ka sake taɓa su da sunan tantancewa sai sun warware. Maganar wutsiya kuwa na bar wa masu ita, ni ma ina son in ji.

Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar ɗakin gwaji

Alhaji sannu da jarrabawa. Baban Ummi ya riga ni faɗin rabin amsar, bari in kawo dalilin.

Zan fara da abin da aka rubuta a takardarka, don irin aikin da nake yi ke nan. In an kawo mana kifi, mukan shuka abin da muka ɗebo daga ƙodarsa ko hantarsa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, in ƙwayar ta tsiro sai mu yi mata jerin gwaje-gwaje don mu san wace ce. Ɗaya daga ciki shi ne na motsi. Akwai wani abinci mai laushi da muke zubawa a kwalbar gwaji, ba ruwa ba kuma bai daskare sosai ba. Sai a tsoma allura a ƙwayar a soka a tsakiyarsa. Washegari in ƙwayar ta tsaya a layin da allura ta bi, mara motsi ce. In kuwa kwalbar ta yi duhu-duhu ko'ina, ta bazu ke nan da kanta. Wannan layin na takardarka shaidar gane ta ne, ba ma'aunin muguntarta ba.

Wutsiyar gaskiya ce. Aeromonas hydrophila tana da guda ɗaya a ƙarshen jikinta, zare ne siriri mai murɗe. Ba kaɗa ta take yi ba, juya ta take yi kamar farfelar injin jirgin ruwa, akwai wani ɗan inji a gindinta da ke cikin fatar ƙwayar. To amma mu yi lissafi. Tsawon ƙwayar bai wuce maikiromita 1 zuwa 3 ba, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A ce tana gudun maikiromita 50 a daƙiƙa, wanda gudu ne mai kyau a wurin irinsu. A awa guda ta yi santimita 18 ke nan, bai kai taƙi ɗaya ba. Wannan ma in miƙe hanya take yi, alhali ba ta miƙewa: ta yi gaba kaɗan, ta juya, ta sake wata fuskar. Ƙwayar da ke tafiya haka ba za ta haura bututun da ruwa ke gangarowa ta cikinsa ba. Sai dai in magudanar kan toshe ruwan ya komo da baya, wannan kam ka duba. Amma koma jiƙaƙƙiya takan ɗauki miliyoyinsu ta kai su tanki na biyu kafin ka gama gyara tsayuwa. Ina kyautata zaton na ukun ya tsira ne don ba a cika kai masa kayan aikin ba.

To in ba ta iya doguwar tafiya, mene ne amfanin wutsiyar? Amfaninta a ɗan tazarar ƙarshe ne, tsakanin ruwa da jikin kifi. Ƙwayar tana da wasu ma'ji a fatarta da ke ɗanɗanar abin da ke narke a ruwa. Yauƙin jikin kifi kullum yana sakin sinadarai, irin su amino asid da sukari. In ƙwayar ta ji ɗanɗanon yana ƙaruwa sai ta daɗe ba ta juya ba, in ta ji yana raguwa sai ta yi saurin sauya hanya. Ba ido gare ta ba, ba ta san inda kifin yake ba, amma da wannan dabarar kaɗai takan tsinci kanta a jikinsa. In ta isa kuma sai ta ratsa yauƙin, wanda kariya ce da kifin ke ta sabuntawa yana zubar da tsohon. Wadda ba ta motsi yawanci tare da tsohon yauƙin ake watsar da ita.

Gwajin da ya fi burge ni a kan wannan an yi shi ne a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, aka wallafa a 1996. Ƙwayar da suka yi aiki da ita Vibrio anguillarum ce, 'yar uwar mai kawo kwalara, ita kuma kifin ruwan gishiri take kamawa. Suka lalata mata ƙwayoyin halittar motsi: wasu ba wutsiya sam, wasu akwai wutsiya amma an kashe musu jin ɗanɗano, suna iyo ba tare da sanin inda suka dosa ba. Sai suka gwada su a kan kifin turawut, wani kifi na ƙasashen sanyi, ta hanya biyu. Da aka zuba su a ruwan da kifin ke ciki, sai da aka ninka yawansu sau ɗaruruwa kafin su yi kisan da lafiyayyar ƙwaya ke yi. Da aka ɗura su da allura kai tsaye cikin cikin kifin, sai suka kashe shi daidai da lafiyayyar. Wato motsi na shiga ne. In an riga an shiga, dafi da sinadaran narkar da nama su ke aikin, ba ruwansu da wutsiya.

Nan amsar tambayarka ta uku take. Aeromonas ba baƙuwa ba ce a tankinka. Tana cikin kusan kowane ruwan daɗi, tana cikin hanjin lafiyayyen kifi ma. Watannin nan da kake ganin lafiya, tana nan, fata da yauƙi ne suka hana ta. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, fatar ce kawai da yauƙin. Ranar tantancewa an tara su a baho, koma ta goge yauƙi, busasshen hannu ya goge, ƙayoyin fukafukansu sun soki juna, ga zafin bazara, ga firgici da ke raunana garkuwar jiki. Kowane ƙarzon nan ya yi wa ƙwayar aikin da allura ta yi a gwajin Suwidin. Ciwo kuma yana zubar da ruwan jiki, wanda shi ma yake jan ta.

Ko a Amurka an ga haka. A 2009 wani mugun nau'in Aeromonas hydrophila ya ɓulla a gonakin kifi na jihar Alabama ya yi ɓarna mai yawa. Duk da muguntarsa, da masu bincike suka so su sa wa kifi cutar ta hanyar ruwa a ɗakin gwaji, abin bai riƙa kamawa sosai ba sai da suka koma yanke ɗan fiffiken bayan kifin tukuna.

Abu ɗaya kuma game da bango. Yawancin nau'o'in Aeromonas in suka sauka a kan abu sukan manne su yi wa kansu rufin santsi, wasunsu har sukan tsiro da ƙarin wutsiyoyi da yawa a gefen jiki su riƙa malala a kai rukuni-rukuni. Masu bincike a Jami'ar Basalona ta Sifen sun nuna cewa in aka cire wutsiyoyin, mannewar da gina santsin duk sukan ragu ƙwarai. Santsin da kake ji a bangon tanki da cikin tiyo, akwai su a ciki, kuma sauya ruwa ba ya fitar da su. In ka kwashe kifin, a goge bangon da burushi, a zuba kilorin, a bar rana ta gasa shi.

Mai Tarwaɗa, Kumbotso

Hajiya Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Baban Ummi, koma ɗaya ce, tsintsiya ma ɗaya. Na ukun kuwa ƙanana ne a ciki, da 'yar ƙaramar raga daban ake ɗibarsu.

Amma Hajiya bari in ƙara tambaya. In motsi ne ke kai ta jikin kifi, ke nan da takardar ta ce mara motsi ce da sai in ce abin da sauƙi? Kuma tunda wutsiyar ce makaminta, ba a yi maganin da zai tsinke ta kawai a huta ba?

Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar ɗakin gwaji

Amin Alhaji. A'a, ko kaɗan kada ka ɗauka haka.

A cikin dangin Aeromonas ɗin ma akwai Aeromonas salmonicida, wadda aka fara bayyanawa a Jamus a 1894. Ba ta motsi, amma ta fi ƙarni tana addabar masu kiwon samon da turawut a Turai da Amurka da wata cuta mai fitar da marurai. A nan kusa da mu kuma akwai Streptococcus agalactiae, wadda ke kama karfasa in ruwa ya yi zafi: ido ya fito, kifi ya riƙa juyi a ruwa don ta taɓa ƙwaƙwalwa. An same ta a kejin kifi na tafkin Volta a Gana. Ba ta da wutsiya ko ɗaya. Irin waɗannan cunkoso ne ke yi musu jigila. Kifi ya gogi kifi, mai rai ya ci mushen ɗan uwansa, ka ga an kai ta har hanji ba ta yi iyon komai ba. Tarwaɗa kuwa ka san halinta da mushe, shi ya sa kwashe matattu sau ɗaya da asuba bai isa ba in ana cikin annoba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Wutsiyar tana da tsada a wurin ƙwayar. Furotin ɗin da aka gina ta da shi, garkuwar jikin kifi ta san shi sarai, akwai ma'ji na musamman da ake kira TLR5 wanda aikinsa ke nan, da ya ji shi sai ya tayar da jiki. Saboda haka ƙwayoyi da dama da sun shiga sai su daina ƙera wutsiya. Wasu ma sun yar da ita gaba ɗaya. Yersinia ruckeri, mai kawo wa turawut cutar jan baki, an fara gano ta a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950, tana da wutsiyoyi tana iyo, aka yi mata rigakafi ya yi aiki shekara da shekaru. Daga wajen ƙarshen shekarun 1980 sai wani nau'i mara motsi ya bayyana a Birtaniya, daga baya aka gan shi a wasu ƙasashen Turai da Amurka, har a gonakin da aka yi wa kifin rigakafi. Da aka bincika ƙwayoyin halittarsu sai aka ga ba daga wuri ɗaya ya yaɗu ba, sau da dama ƙwayar ta rasa wutsiyar a wurare daban-daban, kowanne da irin tasa lalacewar. A fahimtata, a tafkin da aka cusa kifi jiki da jiki iyo bai da wani amfani, wadda ta huta da ɗaukar nauyinsa ba ta yi asara ba.

Wannan ya amsa maganar tsinke wutsiya. Ko da an samu irin wannan maganin, zai rage shiga ne a kifin da fatarsa ke lafiya. Naka da suka riga suka kumbura ba abin da zai yi musu.

Tunda ƙwayar tana hannun masu gwaji, ka ce su yi maka gwajin magungunan da ke kashe ta kafin ka sayi komai. Kada ka ɓata kuɗi a kan ampisilin ko amoksisilin, yawancin Aeromonas da kariyarsu aka halicce su. Oksitetrasaikilin ma da kowa ke zubawa a ruwa, da yawa sun daina jin sa. Likitan dabbobi ya faɗa maka adadi da kwanakin da za ka jira kafin ka sayar. Yaran da ke shiga tankin kuma, mai ciwo a ƙafa ko hannu ya dakata, don takan shiga ciwon mutum.

Ɗalibin Kiwon Kifi, New Bussa

Gaisuwa ga iyayena. Anti Maman Sadiƙ, na ƙaru ƙwarai, amma ina neman izini in ɗan ja da magana ɗaya, wato cewa in an isa jikin kifi motsi ya gama aikinsa. A kan Vibrio haka ne. Akwai wadda ba haka take ba, kuma guntulewar gashin baki da Baba Alhaji ya ambata ita ta tuna min.

Flavobacterium columnare nake nufi, mai kawo farin tabo a baya da ruɓewar baki da fukafukai da mashaƙar kifi, wato jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunnensa. Herbert Spencer Davis ne ya fara bayyana cutar a 1922 a kifayen kogin Misisifi na Amurka. Wannan ba ta da wutsiya, a cikin ruwa ba ta iya iyo sam, sai inda ruwa ya kai ta. Amma da ta taɓa abu sai ta fara jan ciki. Akwai wasu furotin masu danƙo a fatarta da ke zagaya jikinta daga wannan kai zuwa wancan, in suka kama abin da take kai sai jikin ya zame gaba. A 'yar uwarta da aka fi nazari, gudun kamar maikiromita 2 ne a daƙiƙa. Na gan su a madubin gwaji daga abin da muka kankaro a mashaƙar kifi: dogaye sirara, suna lanƙwasa, sun taru tsibi-tsibi a bakin naman. Ita cutar tata a saman jiki take, shi ya sa tabon ke faɗaɗa daga gefe. Nan motsin bai ƙare a ƙofa ba.

A Jami'ar Jyväskylä ta Finlan sun lura cewa ƙwayar kan tsiro da siffa daban-daban a faranti. Mai bazuwa da rassa ita ce mai kisa, in ta rikiɗe ta koma dunƙulalliya mara bazuwa sai kisan ya tafi. A Jami'ar Wiskonsin ta Milwoki kuma, a 2017, sun cire mata wata ƙwayar halitta mai suna gldN, ta daina jan ciki, ta daina kisa. Sai dai a nan akwai sarƙaƙiya: na'urar da ke fitar da furotin ɗin jan ciki ita ce dai ke fitar da sinadaran da ke cin naman kifi. Ka lalata ɗaya ka lalata biyu, don haka wannan gwajin shi kaɗai bai raba wanne ne ya yi aikin ba.

Dalilin kawo wannan, sau da yawa su biyun tare suke zuwa. Mai jan ciki ta buɗe fata, Aeromonas ta bi ta nan ta shiga jini.

Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar ɗakin gwaji

Ɗana ka yi gaskiya, na karɓi gyaran a kan wannan ƙwayar. Kuma ka taɓo abin da ya shafi takardar Alhaji kai tsaye. Flavobacterium ba ta son abincin da muka saba shuka ƙwayoyi a kai, sai wani na musamman mara ƙarfi, kuma a hankali take tsirowa. Aeromonas kuwa kwana ɗaya ta cika faranti. Don haka in daga ƙoda kawai aka ɗebo aka shuka a abincin yau da kullum, Aeromonas za a gani ko da su biyu ne.

Alhaji, ka duba ko akwai masu fari-fari ko ruwan ƙasa-ƙasa a baya ko gefen baki, ka ɗaga murfin kunnen wasu ka ga ko jan naman ya yi dabbare-dabbare. In akwai, yaron ya sake kai masu rai, a cikin ruwansu, ba matattu ba kuma ba na firiza ba. Ya ce a kankari bakin tabon da mashaƙar a duba a madubi nan take kafin a shuka komai.

Gishirin Baban Ummi a nan ya fi amfani. Aeromonas ba ta damu da ɗan gishiri ba, kifin yake taimaka wa, don mai ciwo a fata ruwa na shigarsa gishirin jininsa na fita. Flavobacterium kuwa ba ta jure shi, yana rage mata mannewa. Abin da aka saba shi ne kilo 1 zuwa 3 a lita 1,000. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba kaɗan-kaɗan, in an sauya ruwa a mayar da gwargwadon wanda aka zubar.